Wasiƙa daga Tawa kan maganar ƙanwarka da ƴaƴanta

Assalamu alaikum, aminina.

Ina gajiya, ina haƙuri da zaman Abijan? Mu nan Tawa lafiya lau. Inna tana gaishe ka.

Saƙonka ya iso, na kuma ji zafin da ke cikin muryarka. Ka ce a tara samari a je a ɗauko ɗan ƙanwarka da ƙarfi daga wurin mijin da ya sake ta. Don girman Allah ka bar wannan magana. In aka yi haka sai komisariya, kuma gobe gaban alƙali mu masu gaskiya mu ne za mu koma masu laifi.

Ga inda aka kwana. Mijin da baki ya sake ta, bai rubuta komai ba. Ya bar mata ta goye, ya riƙe babban, wai ya cika shekara 7, ya zama na uba. Dattawa sun zauna wurin mai unguwa, ba a daidaita ba. Shi ne na raka ta jistis, ofishin ANAJJ, hukumar da gwamnati ta kafa da dokar 2011 don talaka ya samu mai yi masa bayanin shari'a ba da ko dala ba. Mata masu neman riƙon ƴaƴa ko kuɗin ciyar da su suna cikin waɗanda dokar ta ce a taimaka wa. Da ka ga ƙanwarka a kan benci, takardunta ƙunshe cikin leda, hannunta na rawa, da ka tausaya mata. Amma da aka saurare ta har ƙarshe ba wanda ya katse ta, sai na ga ta ɗago kai.

Ka san har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali, wanda aka tsara a 2011 ma janye shi aka yi. Saboda haka da al'adar masu ƙara alƙali yake yanke maganar aure da saki, tare da mashawarta da suka san al'ada da addini. Zancen shekara 7 ɗin nan da mijin ya kafe a kai al'ada ce. A Malikiyya uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare gidan miji, ci da sha da sutura kuma suna wuyan uba. In uwar ta sake aure, kakar yaran ta wajen uwa ita ce a gaba, wato Inna. Alƙali kuma yana duba inda yaro zai fi samun kulawa da karatu. Ban ce maka an gama ba, amma tana da hujja mai ƙarfi.

Abin da ya rage takardu ne. Dole a samu takardar saki, in ba haka ba wata rana ya ce har yanzu matarsa ce. Ta goyen kuma a gida aka haife ta, ba ta da takardar haihuwa, sai an je gaban alƙali da shaidu.

In da hali ka turo ɗan abin kuɗin mota da na takardun. Kuma ina roƙonka, kada ka zagi mutumin nan a WhatsApp, saƙon murya yawo yake yi, zai iya kunna shi a gaban shari'a. Ita ƙanwarka ka riƙa kira da dare, lokacin ne tunanin yaron ya fi damunta.

Ka gaida mutanenmu na can duka. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
amininka na Tawa