Wasiƙa zuwa ga Sani, a kan tumatirin da ya ƙi yin 'ya'ya

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da yara baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau muke, sai dai zafi, wanda shi ne ma dalilin wannan doguwar takarda.

Saƙonka ya same ni tun makon jiya, tare da hotunan lambun. Na daɗe ina kallon tumatirin nan: tsayinsa ya kai ƙirji, ganyen sama kore shar, na ƙasa duk ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, fure kuma ya zube a gindi. Amma abin da ya fi damuna shi ne maganar da ka rufe da ita, wai ka haƙura, kai dai ba ka da hannun shuka. Ban yarda ba. Kuma ina da kaso a cikin abin da ya faru, domin ni na ce maka ka riƙa ban ruwa da yamma, ka dasa su kusa da juna don su yi wa juna inuwa, ka lulluɓe gindinsu da ciyawa mai kauri. Wannan dabarar wurinmu ce, inda iska take a bushe ƙayau. Na miƙa maka ita ban tsaya na yi tunanin irin taku bazarar ba. Ka yafe mini.

Ka rubuta cewa zafinku da kyar yake wuce digiri 33, namu kuwa yana haura 40, to don me nawa zai yi, naka ya ƙi? Da farko dai, nawa ma ba ya komai a tsakiyar zafin nan. Na tsinke abin da zan tsinka tun kafin rana ta yi tsanani, yanzu lallaɓa saura kawai nake a ƙarƙashin rumfa. Sa'an nan lambar da ake faɗa a labaran yanayi ta tsakar rana ce. Ni abin da nake son ka duba shi ne dare.

A nan, da rana ta faɗi zafin yake fara tserewa sama, don babu abin da zai tare shi. Kafin asuba iska ta yi daɗi, har mutum ya nemi mayafi. A wurinku tururin ruwan da ke cikin iska kamar bargo yake, yana riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana ya hana shi fita. Shi kuwa tumatir, muddin rana ta wuce wajen digiri 32, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 ko 22, ƙurar furensa lalacewa take yi. Furen zai buɗe, ya yi kwana biyu, ya kaɗe. Danshi kuma na ƙara nasa, don ƙurar kan yi danƙo ta ƙi zuba inda ya kamata. Ga wani abin: shuka da rana take haɗa abincinta, da dare kuma tana cin wani kaso daga ciki. In daren ya yi ɗumi sai ta ci da yawa, abin da zai tafi wajen 'ya'ya ya ragu. Ka ga ke nan ba taki ya gaza ba, ba kuma hannunka ba ne.

Baƙin ɗigon ganye kuwa, nan shawarata ta cuce ka. Fumfuna ba abin da take so kamar ganye ya kwana a jiƙe. Ni in na watsa ruwa da la'asar, kafin magariba ganye ya bushe. Kai in ka watsa, haka zai kwana, raɓa ta zo ta ƙara masa, ga shukar a cunkushe iska ba ta ratsawa. Kada ka raina wannan ciwo. Irinsa ne, wanda ke son damshi da sanyi-sanyi, ya faɗa wa dankalin ƙasar Ayilan a 1845, ya jawo yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya. Dankali da tumatir kuwa 'yan gida ɗaya ne, ciwonsu yakan zo ɗaya.

Tun da na karanta saƙonka nake ta tunanin yadda kalma ɗaya, lokacin zafi, take ɗauke da abubuwan da ba su ko kama da juna. A Finiks, can jihar Arizona ta Amurka, a 2023 an jera kwana 31 zafi bai sauka ƙasa da digiri 43 da rana ba. Masu lambu a can tun watan Fabrairu suke dasa tumatir don su kwashe kafin Yuli. A Fulorida, ƙasa ɗaya da su, zafin bai kai haka ba, amma ga ruwan sama kusan kowace yamma ga danshi, don haka su ma tumatirinsu na lokacin sanyi ne, tsakiyar zafi kuwa sai kuɓewa da dankalin Hausa, masu jure gumi. Wurinku ya fi kama da Fulorida. Can Alaska kuma, a ƙarshen arewacin Amurka, labarin daban ne: zafin kaɗan ne, kwanakinsa ma kaɗan, amma a watan Yuni rana takan yi sa'a 19 ba ta faɗi ba a yankin Palma. Shuka ba ta daina aiki. A 2012 an auna kabeji guda ɗaya a can ya haura kilo 62. Wannan doguwar rana daga karkatar da duniya ta yi ne da kamar digiri 23 da rabi, wadda ita ce ta sa mutanen Ostireliya suke shan nasu zafin a Disamba.

Tudu ma na da tasa rawar. Duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Shi ya sa Nairobi da Addis Ababa, duk kusancinsu da tsakiyar duniya, latas da kabeji ke jin daɗinsu, alhali a kwari latas ɗin nan zai yi tsiri ya fitar da fure, ganyensa ya yi ɗaci.

Mu koma kan mutane, don na lura da abin da ka ce game da barci. Ka ce kana kwana fanka na juyawa amma ka tashi jiƙe sharkaf, da gajiya kamar ba ka kwanta ba. Ba ragwanci ba ne. Jiki ba ya hucewa don gumi ya fito, sai in gumin ya bushe, domin bushewar ce ke tafiya da zafi. In iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ina za ta kai naka? Shi ya sa 33 ɗinku kan fi 40 ɗinmu wahalar da mutum a cikin inuwa. Mu kuma namu haɗarin a ɓoye yake. Gumi na bushewa tun kafin ka gan shi, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba, sai dai ya ji kai na sarawa, ya ga farin gishiri a bayan riga. Maƙwabcina, dattijo ne, kwanan baya jiri ya ɗebe shi a bakin famfo da hantsi, ya ce wallahi ko ƙishirwa bai ji ba. Allah ya kiyaye, ya warware. Tun ranar na mayar da aikin lambuna gaba ɗaya zuwa bayan asuba, ƙarfe tara ta yi mini a cikin ɗaki.

Hatta yadda ake tafiyar da gida ba ɗaya ba ne. Mu da hantsi muke rufe tagogi mu saki labule, mu tsare sanyin da bango ya sha da dare, sai bayan isha mu buɗe ko'ina. Shanya kuwa kafin ka gama ta ƙarshe ta farko ta bushe. In ka jiƙa zane ka rataya a taga, iskar da za ta ratso shi da sanyi za ta shigo. Kai in ka yi haka danshi kawai ka ƙara wa ɗakin. Abin da zai fisshe ku shi ne iska ta shiga ta nan ta fita ta can, dare da rana, ko don kaya su daina warin ruma. Kuma mutane kan sha wuya sosai in zafin da ba su saba da shi ba ya zo musu. Ranar 19 ga Yuli 2022 aka fara auna sama da digiri 40 a Ingila, a gidajen da aka gina don su riƙe ɗumi, kuma a watan da ya biyo baya aka hana ban ruwa da tiyo a yankuna da dama. A Faransa, zafin watan Agustan 2003 ya yi sanadin mutuwar mutum wajen dubu 15, akasarinsu tsofaffi. Don Allah ka riƙa leƙa Baba da dare, ka tabbata ɗakinsa na samun iska.

Yanzu ga abin da nake ganin za ka yi, wannan karon da tunanin wurinku. Tumatirin nan kada ka tumɓuke duka. Ka zaɓi masu ƙarfi, ka cire na tsakaninsu don iska ta samu hanya, ka tsinke ganyen ƙasa da suka kamu ka kai su nesa, kada ka zuba su cikin takin da kake tarawa. Ban ruwa da sassafe, a gindi, kada ya taɓa ganye. Ciyawar ka rage mata kauri, ka ja ta baya kaɗan daga jikin kara. In kunyoyin na riƙe ruwa bayan an yi sama, ka ɗaga su. Mai yiwuwa su riƙe rai har dare ya fara sanyi, a lokacin za ka ga fure ya kama. Wurin da ka buɗe kuwa ka zuba kuɓewa da wake, ka ga yadda za su yi. Baɗi sai mu lissafa tare, a ja dashen tumatirin ya faɗo inda furensa zai dace da dare mai sanyi, kuma ka nemi irin nan mai ƙananan 'ya'ya, ya fi manyan jure wahala.

Alfarma ɗaya nake nema. Ka sami ɗan ma'aunin zafi ka rataya a lambun, a inuwa, ka riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba har tsawon wata guda. Ni ma na fara rubuta nawa tun shekaranjiya. In wata ya cika sai mu haɗa mu gani.

Ka gaida Baba da kyau, ka gaida mai ɗakinka da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ku.

Naka,
Habibu