Likita dan Allah, ni na jawo ma yarona wannan abin?

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Daga Kubwa nake rubuto maka, a bakin gadon yarona ma nake zaune, wlh kwana biyu ban runtsa ba.

Shekararsa 9. Ranar Asabar zazzaɓi ya rufe shi, ciwon kai, wai bayan idonsa na ciwo, gaɓoɓi kamar an masa duka. Toh kowa maleriya zai ce ai, na je kyamis aka haɗo min maganin maleriya da ibuprofen, ko tambaya ɗaya mutumin bai min ba kuɗinsa kawai ya karɓa. Ran Talata yana goge baki na ga jini a dasashinsa muka kwasa sai asibiti. Maleriya babu. Sai aka yi wani gwaji NS1 aka ce denge ce, zazzaɓin da wani irin sauro ke yaɗawa, ni a rediyo kawai na taɓa jin ta lokacin da ta ɓulla a Sakkwato 2023.

Abin da ke kashe ni filatilet ɗin nan, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Nas ta ce na mai lafiya daga 150,000 ne zuwa sama, nashi 92,000 ran Talata, jiya 61,000. Jiyan kuma zazzaɓin ya sauka har na fara murna sai ta ce yanzu ne ma za su sa masa ido sosai, suna ta duba PCV, wato gwajin kaurin jini. Hajiya, uwar maigida, ta tsaya kai da fata a ƙara masa jini, likitan ya ce ba a kai nan ba, ruwa da farasitamol ne. Ƙanin maigida kuma wai ɗibar jini kullum cin kuɗi ne, shi da ya jibge tsoffin tayoyi a bayan gida ruwa ya kwanta ciki tun farkon damina ina magana, ashe sauron ma da rana yake cizo.

Na manta, a gaban maigida likitan ya ce ibuprofen na ƙara zubar jini. Tun ranar maigida ko gaisuwata baya amsawa, Hajiya sai habaici. Yau da asuba ta ce in ba za a ƙara jinin ba a sallame mu.

In sa hannu a takardar sallamar ne ko in ƙi? Shi kuma maigida ta ina zan ɓullo masa, tunda da na nemi kuɗin asibiti ran Lahadi cewa ya yi in jira albashi?

Uwar yaro, Kubwa