Ruwan Jidda ba irin na daminar gida ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Hausawa masu sana'ar tuƙi a ƙasar Saudiyya, musamman matasan da suka zo kwanan nan daga Najeriya da Nijar suna tuƙa wa gidaje da kamfanoni, domin sanyi ya ƙarato, kuma a wannan yanki namu da sanyi ake samun ruwan sama. Na fi shekara ashirin ina riƙe da sitiyari tsakanin Jidda da Makka, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗan'uwanmu da ya taso a Kano ko Maraɗi yake raina ruwan nan, yana cewa shi da ya saba da damina ta wata huɗu, ruwan yini ɗaya ba zai hana shi fita ba.

A gida ƙasa tana shan ruwa, gonaki da kududdufai suna riƙe wani kaso, kuma direba ya san kwalbatin da ke cika tun yana yaro. Jidda kuwa tana kwance ne tsakanin Bahar Maliya da duwatsun da ke gabashinta. Idan aka yi ruwa a kan waɗannan duwatsu, babu ƙasa mai laushi ko ciyayi da za su tare shi, sai ya gangaro ta kwaruruka gaba ɗaya, ya tarar da gari cike da kwalta da siminti. Wannan shi ne abin da Larabawa suke kira sail, kuma yana iya riskar mutum a unguwar da yayyafi kawai ake yi.

Mu da muke nan ranar Laraba, 25 ga Nuwamba, 2009, ranar da alhazai suke haramar fita Mina, ba ma bukatar a ba mu labari. Cikin sa'o'i kaɗan mutum fiye da 120 suka rasu, da yawansu a cikin motocinsu, kuma unguwar Ƙuwaiza ta fi ko'ina ganin tashin hankali, inda motoci suka hau kan juna kamar an zubar da kwanuka. An sake yin ambaliya a Janairun 2011. Hukuma ta gina madatsu da manyan magudanai bayan haka, kuma sun yi amfani, amma ranar Alhamis, 24 ga Nuwamba, 2022, an auna milimita 179 a kudancin birnin tsakanin ƙarfe takwas na safe da biyu na rana, har sai da aka rufe hanyar Makka na wani lokaci. Wanda ya ce an gyara gari, don haka ya saki jiki, to bai ga wannan Alhamis ba.

Ni kaina ban tsira daga wautar ba. Wata shekara ina tuƙa wa wani gida, uwargida tana bayana tana cewa za mu makara, sai na nufi hanyar ƙarƙashin gada, wadda ake kira nafaƙ, saboda na ga wata babbar mota ta shige lafiya. Ban yi tunanin cewa ita tana da tsawo ni kuwa ƙarama nake ja ba, kuma ruwan da ta ture ya dawo ya daki gaban motata. Injin ya mutu a tsakiya. Kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko tsada, shi ne da na murɗa makulli don in sake tayarwa. Daga baya bakanike ya nuna mini abin da na yi: ruwa ya bi ta matatar iska ya shiga cikin injin, shi kuwa fistin iska da mai yake matsawa, ba ya iya matsa ruwa, sai sandarsa ta lanƙwashe. Da na bar motar yadda take na kira janwe, da wataƙila juye baƙin mai da busar da injin sun wadatar. Wata da watanni ana cire kuɗin gyaran daga albashina, kuma wadda ta matsa mini in shiga ba ta tuna ta yi magana ba.

Masana sun daɗe da bayyana cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota daga ƙasa, santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci har da manyan jif. Idan taya ta daina taɓa kwalta, sitiyari da burki sun zama ado. Ga shi kuma ido ba ya auna zurfin ruwa mai laka, balle ya ga ramin da murfinsa ya tashi. Saboda haka idan ba ka ganin gefen titi, ko ruwan ya kai rabin tayar motar da ke gabanka, ko kuma yana gudu yana ɗauke da shara, abin da ya dace shi ne ka juya tun kana da wurin juyawa. Nafaƙ kuwa a guje shi baki ɗaya, domin bakinsa yana nuna ruwa kaɗan alhali tsakiyarsa ta isa ta shanye mota.

In ruwan kwantacce ne, mara zurfi, kuma babu wata hanya, a bari motar gaba ta fita tukuna, sannan a shiga da giya ta ɗaya, a hankali, ƙafa tana kan totur ba tare da ɗagawa ba, a bi tsakiyar titi inda ya fi tudu. Gudu yana tara ruwa a gaban mota har ya kai bakin matatar iska. Bayan an fita a riƙa taka burki sannu-sannu ana tafiya har ya bushe ya koma kamawa. Ko a inda ruwa bai taru ba, farkon saukarsa shi ne mafi santsi, saboda ƙura da man da suka yi watanni a kan kwalta suna haɗuwa su zama kamar sabulu, ga tayoyi da robar waifa da zafin bazara ya riga ya cinye. Duba su kafin hadari ya fi sauƙi a kan aljihu.

Idan kuma ƙaddara ta sa ruwa ya fara shiga mota, kada a tsaya neman iƙama, wato katin izinin zama, ko waya. A kwance bel, a sauke gilashi tun lantarkin motar bai ɗauke ba, a fara fitar da yara, a hau saman mota idan ruwan yana gudu, domin ƙofa ba ta buɗuwa da sauƙi matuƙar ruwa yana danne ta daga waje. A yankin Makka, wanda Jidda take ciki, lambar gaggawa ita ce 911, ta Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceto, kuma 998.

Na san abin da matashi zai ce da ni: Baba, ai mota ba tawa ba ce, kuma kafili, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ba ya jin uzuri. Gaskiya ne, na ɗanɗana. Amma ka sani cewa tsallaka kwari yayin da ruwa yake gudu laifi ne a dokar hanya ta ƙasar nan, tararsa daga riyal 5,000 zuwa 10,000, kuma inshorar da ake kira diddal gairi ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta gyara motar da kake ciki. Waɗannan biyun su ne hujjarka a gaban maigida, kuma a iya sanina harshen kuɗi ya fi saurin shiga kunnensa fiye da na tsoro. Ka faɗa masa cikin ladabi tun kafin a fita, ka nuna masa saƙon gargaɗin da hukuma take turowa a waya, wanda da yawa daga cikinmu suke gogewa ba tare da sun nemi a fassara musu ba.

A nan ne nake da roƙo gare ka, ya Edita. Yawancin sababbin zuwa ba sa karanta Larabci, amma suna karanta wannan jarida a wayoyinsu. Da za ku riƙa kawo gargaɗin hukumar kula da yanayi ta Saudiyya da Hausa daga watan Nuwamba zuwa Janairu, tare da bayanin abin da launin ja da na ruwan lemo suke nufi, da mu dattawa mun samu abin turawa ga yaranmu na unguwannin Karantina da Hindawiyya a nan Jidda kafin su tayar da mota.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon direba,
Jidda, Saudiyya.