Zuwa ga ɗana, a kan neman aiki da kuɗin hanya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da kai cewa kowa lafiya a nan Mirya. Kawunka ya shaida mini cewa tun da ka karɓo takardarka ta Jami'ar André Salifou ta Damagaram kake yawon neman aiki, amma yanzu ka daina fita domin kuɗin hanya sun fi ƙarfinka.

Ban ga laifinka ba, domin na san abin da fita ɗaya take ci wa wanda shan-inna ya taɓa. Mai ƙafa yana iya tsayar da kabu-kabu ko ya taka, kai kuwa babur ba ya ɗaukar kekenka, mai adaidaita kuma idan ya ga keken sai ya ce shata za ka yi, ka biya kuɗin mutanen da zai rasa. Idan ka ce za ka tuƙa da hannunka, yashi yana riƙe taya a lungunan unguwa, ka isa ofis jiƙe da gumi bayan lokaci ya wuce, mai ɗaukar aiki ya ɗauka sakaci ne. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 ruwa-ruwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, ya yi tsada, kuɗin hawa ya tashi, alhali ga matatar mai ta SORAZ nan a arewa da Damagaram tana aiki tun 2011.

Duk da haka ban yarda ka zauna ba. Tun a 1993 dokar ƙasa ta wajabta wa duk ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye ta ware kashi 5 cikin 100 na gurabenta ga naƙasassu, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008. Amma doka ba ta zuwa ƙofar gida ta ɗauki mutum, wanda bai kai takardunsa ba kuwa ba a lissafa shi cikin wannan kason. Saboda haka ka yi rajista a ANPE, wato hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ka kuma nemi ƴan ƙungiyar naƙasassu ta FNPH, domin su suka san wuraren da ke mutunta dokar.

Na yi magana da gwaggonka ta Zango, ta yarda ka koma ɗakin zaurenta, inda titin kwalta yake kusa, ofisoshi da Kasuwar Dole kuma ba su da nisa. Na san kana jin nauyin zama gidan wani, amma wannan ba bara ba ce, zumunci ne. Ka kuma samu mai adaidaita guda wanda ka yarda da shi, ku daidaita kuɗin wata, idan da hali ku haɗu da wasu masu irin lalurarka ku raba. Ranar da aka kira ka ganawa, kada kunya ta hana ka tambayar ko akwai kuɗin sufuri a cikin albashin da kuma ko ofishin a bene yake, domin aikin da hanya za ta cinye rabin albashinsa yana bukatar lissafi kafin a amsa.

Na sayar da ragon nan, kawunka zai kawo maka kuɗin ranar Alhamis. Ka fara da sauya sarƙa da tayoyin keken. Mahaifiyarka tana gaishe ka, tana yi maka addu'a. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka