Zuwa ga Auta, a Tamale

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan Daura. Malam yana sa miki albarka.

Tun ranar da kika bugo kina kuka, wai babbar malamar gidan kula da makafin yara inda kike aiki ta yi miki faɗa don kina ba yaron nan da kike kula da shi abinci a baki, maganar ta kasa barin raina. A waya lallashinki kawai na yi. Yanzu zan gaya miki gaskiya: matar nan ta fi ki gaskiya, kuma ni na san dalili tun kafin a haife ki.

Kawunki yana shekara 4 ƙyanda ta tafi da idonsa. Inna, Allah Ya jiƙanta, saboda tsananin tausayi ba ta bar shi ya ɗaga ko buta ba. Ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi tuwo loma-loma, ni kuwa 'yar jagora, ina gaba da sanda yana baya. An ba ta shawarar a kai shi makarantar makafi ta Gindiri, wadda 'yan mishan suka buɗe a 1953, ta ce ba za ta iya rabuwa da shi ba. Ran da ta rasu yana da shekara 19, na same shi zaune a bakin ɗaki da riga a hannu, yana ta juya ta, ya rasa ina wuya yake ina hannu. Har gobe in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ƙauna ce muka nuna masa, amma da ita muka ɗaure shi.

To yaronki, ga makanta ga ɓarin jiki ɗaya da ya shanye, ya fi kawunki buƙatar a bar hannunsa mai lafiya ya koyi aiki. Ki zaunar da shi sosai, kansa a miƙe, kada ya ƙware. Ki sa hannunki a ƙarƙashin nasa, ku ɗauki cokalin tare, sannu-sannu ki riƙa janye naki. Kunu zai zube, riga za ta ɓaci. Wanki ne kawai, Auta, ai kin iya.

In kin shiga ɗaki ki yi sallama ki faɗi sunanki, in za ki fita ki faɗa, kada ki bar shi yana magana da iska. Kada ki gusar da kayansa ba ki gaya masa ba. Ni na taɓa matsar da randa, kawunki ya fasa goshi. Ki koyi yaren Dagomba ko gaisuwa ce, kada Hausar zango ta ruɗe ki, don shi muryarki ce fuskarki. Sa hotunan yaran kuma a Facebook ban yarda ba. Amana aka ba ki, su kuwa ba su ganin abin da ake nuna wa duniya.

Ke da kika yi karatu a Jami'ar Bayero kin fi ni sanin cewa rubutun makafin nan mai ɗigo 6, makahon yaro ne a Faransa, Louis Braille, ya ƙirƙiro shi yana ɗan shekara 15. Ni abin da na sani shi ne Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda aka saukar da Abasa saboda shi: ladani ne tare da Bilal, kuma Annabi (SAW) yakan bar masa riƙon Madina in ya yi tafiya.

Shekara ɗaya kika je yi, saura wata 8. Ki fara gaya masa tun da wuri cewa za ki koma gida, ki kuma saba masa da ma'aikatan da za su zauna bayanki, kada ya wayi gari muryarki ta ɓace.

Na ba mai kai albasa Kumasi kuka da daddawa da kilishi, zai bi ta wajenku. Ranar Juma'a in kin bugo, ki miƙa wa yaron wayar mu gaisa.

Mahaifiyarki.