Wasiƙa ga Abokan Cinikinmu Kan Jak ɗin Tirelar Zango da Ke Gugar Ƙasa

Zuwa ga abokan cinikinmu masu tirelar zango, wato tirela mai ɗakin kwana da mota ke ja,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto muku ne kan ƙorafin da ya fi yawan zuwa mana: jak ɗin daidaita tirela, wato ƙafafun ƙarfen da ake saukewa su tokare ta idan an tsaya, musamman biyun baya, suna gugar ƙasa wajen hawa tudu, ko tsallake kwari, ko shiga wurin zango mai gargada. Akasarin masu wannan kuka buƙatarsu ɗaya ce, a ɗaga musu tirelar gaba ɗaya. Muna yin wannan aiki, amma shi muke ajiyewa a ƙarshe, domin sau da yawa igiya da tef na awo sukan nuna gyaran da ya fi shi sauƙi, ya kuma fi shi amfani.

Ga yadda za ku auna da kanku. Ku loda wa tirelar kayan da kuka saba tafiya da su, har da ruwan tanki, ku cika iskar tayu yadda aka rubuta, ku maƙala ta a mota a kan shimfiɗaɗɗen daɓe, ku janye kowane jak har ƙarshe. Sai mutum ɗaya ya danne bakin igiya a inda tayar baya take taɓa daɓe, wani ya ja ɗaya bakin ya kai shi ƙarƙashin bamba, ya ɗaure tamau. Ku duƙa ku duba ta gefe. Duk abin da ya leƙo ƙasan igiyar nan, shi zai fara dukan ƙasa. Idan ƙafar jak tana saman igiya da kamar santimita 2 ko 3, mazauninta ya yi daidai.

Abin da igiyar ke koyarwa shi ne nisan jak daga taya yana da tasiri kamar yadda tsayinsa daga ƙasa yake da shi. A ce ƙafar jak tana sama da ƙasa da santimita 25, tana kuma bayan taya da mita 2.5. Tudun da ya kai digiri 5.7 ya isa ya taɓa ta. A ɗaga ta da santimita 5, ta samu digiri 6.8 kawai. Amma a bar ta a tsayinta na da, a matso da ita gaba ta zama mita 1.5 daga taya, sai ta samu digiri 9.5, ba tare da an taɓa aksul ko sifirin ba. Shi ya sa idan aka kawo mana tirela, nisan muke fara aunawa.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, ku duba zaman tirelar a jikin mota. Ku auna daga ƙasa zuwa casis a gaba, ku auna a baya. Idan gaba ya fi tsayi, tirelar tana tafiya ne da hanci a sama, kuma duk abin da hanci ya ƙaru da shi ana zabge wani kaso daga baya. Tirelar da ke da mita 4 daga maƙali zuwa aksul, jak kuma yana bayan aksul da mita 2.5, idan hancinta ya ɗaga da santimita 4 to jak ya sauka da santimita 2.5. Sauke ƙwallon jan tirela a jikin mota ya maido muku da wannan. Ku duba sifirin kuma. Ganyen da ya rasa lanƙwasarsa ya miƙe sambal, ko bushin da ya cinye har bol yana wasa a cikin rami, suna zaunar da tirela ƙasa. Tirela irin wannan sabon sifirin take buƙata kafin a yi maganar komai.

Daga nan sai jikin jak ɗin. Tafin roba mai kauri da ake maƙalawa a ƙafa a bar shi can yana cin kusan santimita 2.5, gara a cire shi, a riƙa ajiye shi a ƙasa sai an tsaya. Jak mai lantarki ko mai mai, wanda ke tsaye a miƙe, yawanci maƙalinsa na da jerin ramuka, ana iya kwance shi a hau da shi rami ɗaya ko biyu. Sai dai abin da aka samu a sama an rage shi ne daga nisan da ƙafa za ta iya kaiwa. A tabbata bayan ta taɓa ƙasa akwai sauran miƙewa da za ta ɗaga tirela, in babu sai a tanadi katako mai faɗi na sawa a ƙarƙashi. Mai na'urar daidaita kai kuma sai an sake saita mata ma'auninta a kan daɓe, in ba haka ba za ta riƙa tsayar da tirela a karkace tana nuna ta daidaita.

Jak mai almakashi da ke miƙewa har inci 24 yakan naɗe ya koma kamar santimita 10 zuwa 12. Idan naku ya fi haka da yawa a naɗe, ko dai an sa masa falan ƙarfe mai kauri tsakaninsa da casis, ko tsatsa da laka a zaren sandarsa sun hana shi rufewa duka. A wanke zaren, a shafa mai kaɗan. Giris mai yawa yashi yake tarawa.

Matso da jak gaba shi ne aikin da muka fi so, shi ne kuma wanda gaggawa ta fi lalatawa. Ana neman wuri a jikin babban ƙarfen casis, kusa da inda ƙarfen giciye ya haɗu da shi, a bar tazara daga maratayin sifirin, domin nan ne casis ya fi shan wahala, kuma rami ko walda a wurin kan zama mafarin tsagewa. Kafin a huda ko a kunna walda sai an leƙa bayan ƙarfen: bututun gas, wayoyin birki da tankin ruwa duk nan suke bi. A cire kan batir, a rufe tukunyar gas a kawar da ita. Muna ɗaure jak da bol M10 mai lambar ƙarfi 8.8 a kansa, huɗu ga kowane jak, da washa da noti mai roba a ciki, wanda jijjiga ba ta kwancewa. Sukurori masu huda wa kansu rami sukan sassauta, rami ya faɗaɗa, wata rana jak ya rataye da guda ɗaya. A gwada hannun juyawa tun kafin a huda, don akwai wanda zai gama aiki tsaf sannan ya tarar taya ko bututun zubar da ruwa ya tare hanya. Juya fuskar jak ɗin kamar digiri 45 daga layin casis yakan buɗe hanyar, ya kuma rage rawar tirela ta gefe da ta gaba. A rufe ƙarfen da aka kankare da fenti. Abin da za ku rasa ɗaya ne, kuma gara ku sani tun yanzu: wutsiyar tirela za ta ɗan riƙa motsi idan ana tafiya a cikin ɗakin baya. Jak na hannu guda biyu da ake ajiyewa ƙarƙashin bamba bayan an tsaya sun magance wannan.

Jak ɗin gaba ba shi da wuyar sha'ani. A janye shi duka, a zare fin a cire tafin ƙafar kafin a tashi. In har yanzu bututun ya yi ƙasa, ana sa masa mazauni mai ɗaga shi, muddin ƙofar bayan mota za ta buɗe ba ta buge kansa ba.

Ana yawan tambayarmu ƙananan tayun ƙarfe da ake waldawa a wutsiya. Dole su zauna ƙasa da jak kafin su kare shi, ke nan za su riƙa taɓa ƙasa a wuraren da a da kuke wucewa lafiya, kuma duk taɓawa nauyin tirela yana komawa kan wutsiyar casis, wadda ba a ƙera ta don ɗaukarsa ba. A siririn casis ba ma sa su.

Ƙara girman taya ribarsa rabin bambancin tsayin tayun ce. Daga ST205/75R14, mai tsayin kusan santimita 66, zuwa ST225/75R15, mai kusan 72, tirela ta ɗaga da ƙasa da santimita 3. Sai an sauya wili, an bar kamar santimita 7.5 a saman taya don lotsawar sifirin, da aƙalla 2.5 tsakanin tayu biyu a tirela mai aksul biyu.

Idan duk wannan bai isa ba, sai ɗagawa. A tirelar da sifirinta ke ƙarƙashin aksul, ana mayar da sifirin saman aksul. Ribar ita ce kaurin bututun aksul, wato milimita 60 a aksul mai ɗaukar nauyin fam 3,500 ko 76 a manya, haɗe da kaurin ganyen sifirin da mazaunansa. Jimilla takan kama santimita 10 zuwa 15. Muna roƙonku, kada ku yarda kowa ya juya aksul ɗin kansa a ƙasa don gudun walda. An ƙera bututun da ɗan lanƙwasa sama domin ya miƙe idan ya ɗauki kaya, idan aka kifa shi tayu za su cinye ta ciki, birki kuma ya koma a juye. Sabon mazauni ake waldawa a sama, daidai saitin tsohon, a sa sababbin bol masu siffar U, a ɗaure su da sufana mai awon ƙarfi bisa adadin da maƙerin aksul ya bayar. Aksul mai roba a ciki ba a yi masa haka. Ƙarfen ƙari ake sawa tsakaninsa da casis. Kuma duk aikin da zai kai mutum ƙarƙashin tirela, a kan matokaran ƙarfe ake ɗora casis. Jak ɗin daidaitawa ba abin dogara da rai ba ne.

Tirelar da aka ɗaga ta zama wata tirela. Nauyinta ya hau sama, iskar gefe da kwana sun fi kama ta, don haka a rage gudu. Ƙwallon mota sai ya hau da daidai abin da aka ɗaga, wayoyin birki su samu rarar tsawo, matakalar shiga ta ƙaru da taki ɗaya. Ku sake auna tsayinta har saman na'urar sanyaya ɗaki, ku rubuta ku manna inda direba zai gani saboda gada da ƙofar gareji. Notocin taya a sake ɗaure su bayan kilomita 16, da 40, da 80, a duba na sifirin tare da su.

Mai son mu duba masa, ya kawo tirelar da lodinta, tare da motar da ke jan ta, domin awon da aka yi ba tare da su ba ba ya nuna zamanta na kan hanya. Wanda yake nesa ya turo mana awo uku: daga ƙasa zuwa ƙafar jak, daga tayar baya zuwa jak, da tsayin casis gaba da baya, haɗe da hoton igiyar ta gefe.

Mun gode da amincewarku.

Naku,
Ma'aikatan sashen gyaran tirela