Kafin Matasanmu Su Ƙara Zuba Kuɗi A Babbar Wufa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ya fara yawa a garuruwanmu na karkara, wato yadda matasa ke haɗa kwamfuta da manyan lasifikoki a ɗakunansu saboda kallo da sauraren kiɗa da wasannin kwamfuta. Ni mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, kuma tun da sola ta yaɗu, har ɗalibi da mai cajin waya da mai tura finafinai suka iya ajiye kwamfuta a ɗaki, kayan da ake kawo mini gyara sun sauya kama. A da rediyo ce da kaset, yanzu kuwa wufa ce da ta ƙone, wato lasifikar nan mai fitar da amo mai kauri, ko amfilifaya da ta yi hayaƙi. Abin da nake son isarwa shi ne, a irin ɗakunanmu da irin wutarmu da irin zaman da muke yi bango da bango, rabin kuɗin da ake kashewa a kan babbar wufa asara ce, alhali akwai hanyar samun abin da ake nema ba tare da an tayar da unguwa ba.

Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa daga kimanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda, kuma wannan ƙidaya ce ake rubutawa a jikin kwali da alamar Hz. Muryar mutum da goge da sarewa duk suna daga sama, ƙananan lasifikoki biyu da aka ajiye dama da hagu na kwamfuta sun isa su fitar da su sarai. Aikin wufa shi ne ɗaukar amo mai kauri da ke can ƙasa, galibi daga 80 Hz zuwa abin da ya yi ƙasa da haka. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu tambari a ƙofar fada ranar hawan sallah ya san akwai amon da ƙirji ke riga kunne ji, kuma shi ne ainihin abin da matashi yake nema sa'ad da ya shiga mota zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano yana tambayar wufar da ta fi kowace girma.

Matsalar tana farawa ne daga ɗakin kansa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka amon da ke kaɗawa sau 40 tsawon zangonsa guda ya haura mita 8, alhali ɗakin nan namu na ƙafa 12 sau 12 bai cika mita 4 ba ta kowane ɓangare. Amon yakan daki bango ya dawo ya tarar da wanda ke fitowa, sai a wani wuri su haɗu su ninka ƙarfi, a wani wurin kuma su kashe juna. A ɗaki mai wannan girma, abin yana tsananta ne a wajen 47 Hz, inda amon ke taruwa a jikin bango ya kusan ɓacewa a tsakiyar ɗaki, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, lahanin yana zuwa ninki biyu. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai wufa, wanda ya ajiye kujerarsa a tsakar ɗaki, yake ta murɗa ƙara yana cewa kayan ba su da ƙarfi, a daidai lokacin da dattijon da ke kwance a bayan bangonsa yake jin kamar ana dukan gadonsa. Amo mai kauri yana ratsa bulo da ƙofar langa-langa cikin sauƙi, idan kuma rufin kwano ne babu silin, to kwanon ma zai shiga kiɗan da nasa kwaramniyar.

Maganin farko ba ya cin ko kobo. A ɗauki wufar a ɗora ta a kan kujerar da ake zama, a kunna kiɗa mai kauri wanda aka sani sosai, sannan mutum ya durƙusa ya bi gefen bango a hankali yana saurare, kansa kusa da ƙasa. Inda ya ji amon ya fito daidai, kowace buga tana rabe da 'yar'uwarta, babu gunji kuma babu rama, nan ne mazaunin wufar. Sai a mayar da ita can a koma kujera. Na san wanda ya shigo ya tarar da saurayi yana rarrafe a ɗakinsa zai yi dariya, amma masu haɗa ɗakunan sauti a ko'ina suna yin haka. Kusurwa tana ƙara wa wufa ƙarfi, sai dai takan ƙara gunji, don haka ba dole ba ne a cusa ta can. Bayan wannan sai a daidaita maballin da ke yanke sauti a wajen 80 Hz, a gwada makunnin da aka rubuta wa 0 da 180 a bar shi a inda amon ya fi cika, a kuma rage ƙarar wufar har sai kunne ya kasa nuna inda take.

Game da saye kuwa, ina jan hankalin matasa su daina yarda da manyan lambobin da ake bugawa a gaban kwali. Idan ka ga an rubuta wat 3,000 tare da haruffan PMPO, wannan lambar talla ce kawai. Lambar da za a nema ita ce mai haruffan RMS, wadda ke nuna ainihin ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a kai a kai, idan kuma babu, a juya bayan na'urar a duba yawan wutar da take ja daga soket, domin na'urar da ke jan wat 60 ba ta da inda za ta samo wat 3,000 ta ba lasifika. Wufa mai faɗin inci 8 a cikin akwatin katako mai nauyi wanda ba ya yoyon iska ta wadatar da ɗakin saurayi, ta kuma fi mai inci 12 da aka saka a akwati mara kauri.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta yaɗu a wajenmu ba, wadda ake ɗaurawa a jikin kujera ta riƙa jijjiga ta daidai da kaurin sautin da ke fitowa daga kwamfuta. Cikinta kusan ɗaya ne da na lasifika, wato naɗin waya da maganaɗisu, sai dai ba ta da takardar nan mai tura iska. A maimakon haka wani nauyi ne ke kai da komo a cikinta, motsinsa ya bi katako ya shiga jikin wanda ke zaune. Tun da ba iska take turawa ba, kusan babu abin da ke fita daga ɗakin. Mai kallo zai ji rugugin mota ko saukar ganga a bayansa da cinyoyinsa, mai jego da ke ɗakin da ke kusa kuwa ba za ta san ana yi ba. Kamfanin Dayton Audio yana da samfuri mai suna BST-1 wanda ke ɗaukar wat 50 a kan om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da na'ura ke yi wa wutar da ke bi ta cikinta), kuma irin wannan ya isa kujerar mutum ɗaya. Akwai manya irin na ButtKicker, amma wasunsu na buƙatar amfilifaya mai ɗaruruwan wat, abin da bai dace da mai batir ɗaya ba. Ana yin odarsu ta intanet, amma wanda hannunsa ya saba da aiki yana iya ƙera tasa daga tsohuwar wufa wadda takardarta ta yage alhali naɗin wayarta na da rai: a yanke mafi yawan takardar a bar 'yan zirin da za su riƙe tsakiya, a manna ɗan ƙarfe mai nauyi a tsakiyar da gam mai ƙarfi. Ba za ta kai ta kamfani daɗewa ba, amma tana aiki.

Ɗaura ta shi ne wurin da ake yawan kuskure, don haka zan ɗan tsaya a kai. Kujerar roba ba ta yi, domin za ta yi ta ƙara har ta tsage a gindin ƙafa. Tabarma ko katifa a kan siminti ma ba sa yi, saboda daɓe ba ya motsi. Abin da ake bukata shi ne kujerar katako wadda gaɓoɓinta ba sa lilo, a sa kafinta ya gicciya wani katako mai kauri a ƙarƙashin mazauni, ya haɗa shi da ƙashin kujerar sosai, sannan a ɗaure na'urar a tsakiyarsa da noti ko sukuru. Kada a yarda da ƙusa, domin jijjiga tana zare ta sannu a hankali, ranar da ta yi sako-sako kuma sai ƙarar kwankwasa ta maye gurbin amon. Daga nan a je wurin masu yanka tsohuwar taya suna yin guga da takalmi, a karɓo guntaye huɗu masu kauri a sa a ƙarƙashin ƙafafun kujerar. Wannan roba ita ce ke tsare jijjigar a cikin kujera maimakon ta zube a ƙasa, kuma da zarar an sa ta za a ga an rage ƙarar amfilifaya amma motsin ya ƙaru. Wanda ya fi son zaman ƙasa yana iya sa a yi masa ɗan dandamali na katako a kan irin wannan roba, ya shimfiɗa dardumarsa a kai.

Haɗin wayoyi ba shi da wuya. Na'urar ba ta aiki kai tsaye daga kwamfuta, dole sai da tata amfilifayar. A raba sautin da ke fita daga ramin lasifika na kwamfuta da waya mai rassa biyu, reshe ɗaya ya tafi ga lasifikoki da wufa, ɗayan ya tafi ga ƙaramar amfilifaya mai maballin yanke sautin sama. A murɗa maballin zuwa tsakanin 50 da 80 Hz. Idan mutum yana jin maganar 'yan wasa tana yi masa cakulkuli a kujera, to bai yanke sosai ba. Ƙananan allunan amfilifaya masu ƙwaƙwalwar TPA3116 sun dace da mu ƙwarai, domin ba sa ɓarnar wuta a zafi kuma suna aiki da bolt 12 zuwa 24, ma'ana ana iya ba su wuta daga batirin sola kai tsaye ba tare da an bi ta inbata ba, muddin an sa fiyus a kan wayar. Sai dai a sani cewa a bolt 12 ƙarfinsu bai kai na bolt 24 ba. Mai na'ura biyu masu om 4 ya kula: idan ya jera su ɗaya na bin ɗaya sun zama om 8, babu matsala, amma idan ya haɗa kawunansu wuri ɗaya sun zama om 2, kuma irin wannan haɗi ne ke kawo mini yawancin allunan da suka ƙone.

Batun wuta shi ma yana goyon bayan wannan shawara. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa guda a lissafi, amma irin na ruwa ko na gel ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, kuma a cikin wannan rabin ne fanka da fitila da kwamfutar kanta za su ci. Haka nan, wutar layi a ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wanda ya faɗo daidai cikin yankin da wufa da na'urar jijjiga suka fi ji, shi ya sa ƙaramin lahani a haɗi ke zama gunji mara yankewa. Idan an ji haka, a zare cajar kwamfutar a saurara. In gunjin ya ɗauke, a mayar da dukkan kayan kan soket ɗaya, ko a sayi 'yar na'urar raba layin sauti da ake sakawa tsakanin kwamfuta da amfilifaya. Kada a karya ƙafa ta uku ta filogi don neman shiru, domin ita ce ke kare mutum daga jan wuta. Inbata mai arha da ƙaramin janareta su ma suna kawo zizar da babu maballin da zai cire ta. A riƙa kunna kwamfuta tukuna sannan amfilifaya, wajen kashewa kuma a fara da amfilifaya. Ƙurar hunturu da zafin bazara na buƙatar a rufe kaya da ƙyalle bayan an kashe, a kuma bar musu iska yayin da suke aiki.

Ba kuɗi da batir kaɗai ake tsimi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi, kuma ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon awa 40 a mako, kowane ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Wanda jikinsa ke jin kaurin kiɗa ta kujera ba ya samun sha'awar ƙure ƙara, har da daddare yana iya kashe wufar gaba ɗaya ya sa abin sauraro a kunne da ƙara matsakaiciya. Tun shekarar 2009 ƙasar nan take da ƙa'idojin hana ƙara a ƙarƙashin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, amma a ƙauye ba jami'i ne zai zo ba, maƙwabci ne zai kai ƙara wurin mai unguwa, ko kuma ya haɗiye ya bar wa cikinsa saboda kunyar mahaifin yaron, wanda a ganina ya fi muni.

Malam Edita, roƙona shi ne jaridarku ta ware shafi lokaci-lokaci inda masu sana'ar lantarki za su riƙa bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa, tare da zanen haɗin wayoyi, domin bayani da baki ba ya isa a nuna bambancin haɗin om 8 da na om 2. Ina kuma kira ga 'yan kasuwar kayan sauti da na kwamfuta a Sabon Gari da titin Beirut a Kano su fara shigo da na'urorin jijjiga da ƙananan amfilifayoyi masu maballin yanke sauti, su ɗaura ɗaya a kujerar shago yadda mai saye zai zauna ya gwada kafin ya biya.

Na gode.

Naka,
Mai gyaran rediyo da amfilifaya,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.